Hangen Gungu Ba Shiga Gungu Ba Ne

Akwai wata majalisa da muke zama a nan Unguwar Shanu bayan sallar isha'i, a ƙofar shagon wani tela abokinmu, benci biyu da tabarma ɗaya. Mu takwas ne, kuma shekara biyu ke nan muna zuba adashi da niyyar idan ya taru mu yi tafiyar buɗe ido tare ko da sau ɗaya ne a rayuwa, wato tafiyar da babu biki a cikinta, babu gaisuwar mutuwa, babu neman kuɗi. Bayan an sha muhawara aka tsayar da shawara a kan Yawuri ta jihar Kebbi, mu je mu ga kogin Kwara da tsibiran da ke cikinsa, waɗanda mutanen can ke kira gungu. To inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a yi tafiyar, kuma a kan wannan ne adashin namu ya kusa watsewa.

Telan, wanda shi ne ke riƙe da kuɗin, ra'ayinsa shi ne mu sauka a otal a Yelwa, da safe mu ɗauki shatar babban jirgin ruwa mai inji, ya zagaya da mu tsibiran tun hantsi har la'asar, mu ci abincin da muka ɗauko a cikin jirgin, mu ɗauki hotuna, washegari mu kamo hanyar Kaduna. Ni kuma na ce sam, mu nemi mai masauki, mu yi kwana huɗu, mu rage yawan wuraren da za mu gani amma mu sauka a inda muka je, mu zauna da mutane. Sai ya ce da ni, "Malam, kai fa matsalarka ke nan, kana son ka mai da yawon shaƙatawa ya koma karatun allo." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ba ta bar ni na yi barci da wuri ba.

Ana cikin haka sai ɗan telan, wanda ke karatu a jami'a, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baffa, ai wannan gardamar taku Turawa ma suna yin ta." Ya nuna mana wasu tsibirai da ake kira Galafagos. Tun da na koma gida nake bin labarinsu, kuma zan so mai karatu ya ɗan yi haƙuri mu leƙa can kafin mu dawo gida.

Galafagos tarin tsibirai ne mallakar ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka, suna cikin tekun Fasifik, nisan kusan kilomita 1,000 daga gaɓar ƙasar. Abin da ke kai mutane can shi ne namun daji da tsuntsayen da babu irinsu a ko'ina a duniya, kamar manyan kunkuru masu haura shekara 100 a raye, da wani irin damo mai nutso cikin teku yana kiwo. Tun 1959 gwamnati ta keɓe kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran ta zama gandun da ba a taɓawa, a 1978 kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren gado na duniya. Mutane kusan 30,000 ne ke zaune a ɗan abin da ya rage, galibinsu a tsibiran Santa Cruz da San Cristobal da Isabela da Floreana. Daga watan Agustan 2024 kuɗin shiga gandun ga baƙo ɗan ƙasar waje ya tashi daga dala 100 zuwa dala 200.

Duk wanda zai je can hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya shiga jirgin ruwa na 'yan yawon shaƙatawa, wanda a ciki zai ci, a ciki zai kwana, jirgin na tafiya da dare yana barci, gari na wayewa ya gan shi a sabon tsibiri. Ko kuma ya kama ɗaki a ɗaya daga cikin garuruwan da ke tsibiran, kullum ya shiga ƙaramin jirgi ya je wuri na kusa ya dawo. Hanya ta farko ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma ita kaɗai ke kai mutum tsibirai masu nisa irin su Genovesa da Fernandina, domin ba a iya zuwa a dawo a wuni guda. Ta biyu ta fi sauƙin kuɗi, mutum ba zai ga wurare da yawa ba, amma zai ci abinci a gidan abincin 'yan gari, ya ga masunta suna sauke kifi, ya san cewa tsibirin nan akwai makaranta da asibiti da masu kukan tsadar rayuwa.

Wannan ita ce gardamarmu sak, illa dai mu a Yawuri babu jirgin da ake kwana a ciki, kuma abin da za mu je gani ba kunkuru ba ne. Mutane ne. A nan ne nake ganin telan ya kuskure, kuma ga dalilaina.

Gungawa, waɗanda su ke kiran kansu Reshe, sun daɗe a tsibiran Kwara da gaɓarta suna su da noma, musamman noman albasa, wadda har yau Yawuri ta yi suna a kanta. Sunan da Hausawa suka ba su ma daga gungu ya fito. Tare da su akwai Sarkawa masunta, da Kambari da Shangawa da sauran al'ummun da suka haɗu suka yi masarautar Yawuri, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga. A 1964 aka soma gina madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taso ya yi tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, ya cinye tsohon garin Busa da babban tsibirin Foge da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane sama da 40,000 aka mai da su gidajen siminti da gwamnati ta gina musu a tudu. Wutar lantarkin da telanmu ke ɗinki da ita idan an kawo, akwai rabon wannan ruwan a cikinta.

To, mutumin da ke zaune cikin jirgi yana zagaye, me zai gani? Zai ga ruwa shimfiɗe gwanin sha'awa, ya ga tsuntsaye, ya ga yara suna ɗaga masa hannu daga gaɓa. Ba zai taɓa sanin cewa a ƙarƙashin jirginsa akwai gonaki da kasuwanni da maƙabartun iyayen waɗansu mutane ba. Wannan labarin ba ya kan ruwa, yana bakin tsofaffin da aka tasa suna yara, kuma tsoho ba ya buɗe irin wannan magana ga wanda ya zo da hantsi zai koma da la'asar. Sai an ci tuwo tare, an sha ruwa, dare ya yi, sannan hira ke kaiwa can. Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, ni kuma na ce hangen gungu ma haka.

Wani abin mamaki shi ne wannan kogin da kansa ya taɓa yanke hukunci a kan gardamar, shekara sama da 200 da suka wuce. A watan Nuwamban 1805 Baturen nan Mungo Park ya taso daga Sansanding, a ƙasar Mali ta yanzu, cikin wani jirgi da ya haɗa daga kwale-kwale biyu ya sa masa suna Joliba. Ya ƙudurta cewa ba zai riƙa sauka ba, zai bi tsakiyar ruwa har ya ga inda kogin ya ƙare, duk wanda ya matso kusa kuma harsashi ne rabonsa. Haka ya yi tafiyar sama da kilomita 1,500, ya wuce ta kusa da Tumbuktu da Gao ba tare da ya zauna da sarakunan da yake ratsa ƙasarsu ba. A Yawuri jagoransa Amadi Fatuma ya sauka domin yarjejeniyarsu ta ƙare a nan. Ba a jima ba jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, aka yi artabu, Park da sauran mutanensa suka faɗa ruwa suka halaka, a farkon 1806. Takardunsa na wannan zangon sun tafi tare da shi. Mutum ya ga kogi fiye da kowane Bature kafinsa, amma bai bar wa kowa ilmin komai ba sai mugun suna.

Ka kwatanta shi da Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim. Ya taso daga Tarabulus a 1850, ya shiga Katsina da Kano a farkon 1851, ya je Kukawa da Sakkwato da Wurno da Gwandu, ya yi watanni a Tumbuktu, bai koma gida ba sai 1855. Ya koyi Hausa da Kanuri, ya kwana a gidajen mutane, ya yi ciniki a kasuwa, ya ci bashi, ya yi rashin lafiya aka yi jinyarsa. A Gwandu ne aka nuna masa littafin Tarikhus Sudan, domin malamai sun saki jiki da shi. Da ya isa yankin Tumbuktu ya tarar Buzaye ba su manta da harbin da Park ya yi musu ba, bayan kusan shekara 50. Har gobe masu binciken tarihin Kano da Borno ba su rabu da littattafan Barth ba. Kuma a hannunsa ne yaron nan Bahaushe, Dorugu, ya je Turai, inda ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da tafiyarsa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885.

Kada mai karatu ya ɗauka ina zagin jirgi ne. Abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, jirgi suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma suka ratso Sahara da shi, aka harhaɗa a bakin tafkin Chadi a 1851. Da shi ya shiga tsibiran Buduma, waɗanda mutanen tudu ke tsoro a wancan zamani, ya sauka, suka karɓe shi, ya yi makonni a cikinsu. Su ma 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, da suka zo Yawuri a 1830 neman takardun Park, sun zauna a garin sama da wata guda, suka nemi izinin sarakuna da taimakonsu, sannan suka bi kogin da kwale-kwale har teku, suka warware abin da ya gagari Park. Duka sun hau jirgi. Bambancin shi ne su jirgin abin hawa ne a wurinsu, shi kuwa Park ya mai da shi ganuwa tsakaninsa da mutane.

Ko a can Galafagos ɗin abin da ya faru ke nan. Charles Darwin ya je a 1835 cikin jirgin Beagle, ya yi mako biyar. Ba ra'ayinsa ne ya kawo ni ba, abin da nake so a lura da shi shi ne wani mazaunin wurin, Nicholas Lawson, mataimakin gwamnan tsibiran, shi ne ya gaya masa cewa da ganin ƙoƙon bayan kunkuru yana iya faɗin tsibirin da ya fito. Darwin bai ba maganar muhimmanci ba a lokacin, sai daga baya ya gane girmanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ko da baƙon masani ne.

Dalilina na biyu na kuɗi ne. Idan muka ɗauki shatar jirgi guda, muka zo da shinkafarmu da lemonmu daga otal, to adashin shekara biyu zai ƙare ne a aljihun mutum uku: mai otal, mai jirgi, mai sayar da man fetur. Mutanen da muka je kallo ba su sami ko sisi ba, sai dai igiyar ruwan da jirginmu ya tayar ta girgiza musu komar kifi. Amma idan muka sauka, mai ƙosai za ta yi ciniki, mai banda zai sayar mana da kifi, za mu ɗauko buhun albasa daga hannun wanda ya noma ta, yaron da ya yi mana jagora zai sami na littafi. Ni a ganina akwai rashin kunya a ce ka ɗauki hoton mutum da gidansa da 'ya'yansa ka tafi kana nunawa a Kaduna, alhali ko sallama ba ka yi masa ba.

Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce, telan yana da hujjojin da ba zan iya turewa ba, kuma dattijon majalisarmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya jero mini su. Ya ce, "Yaro, ka yi magana mai daɗi, amma ka manta da abu uku." Na ce, "Ina jin ka, Baba."

Na farko tsaro. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, waɗansu daga cikin 'yan matan sai da suka kusa shekara biyu a daji. Hanyar da ta fi kusa daga Kaduna, ta Birnin Gwari da Tegina da Kontagora, kowa ya san irin shekarun da ta yi tana cin mutane. Tsibiran tafkin Chadi kuwa, inda Hausawa masunta da 'yan kasuwar kifi suka yi shekaru suna hada-hada ta Baga da Doron Baga, rikicin Boko Haram ya rufe su ga ɗan yawon buɗe ido, musamman tun harin Baga na watan Janairun 2015. Saboda haka baƙi takwas daga birni su kwana a ƙauye ba shawara ba ce da za a yanke a ƙofar shagon tela. 'Yan gari ne za su ce a yi ko kada a yi, kuma idan suka ce kada a yi, magana ta ƙare.

Na biyu ruwan kansa. Ni na so mu riƙa bin jiragen kasuwa tare da kowa, sai Baba ya tuna mini da 26 ga Mayun 2021, ranar da wani jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya dare ya nutse a kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Abubuwan da ke jawo irin wannan sanannu ne: lodin da ya wuce kima, tsofaffin jiragen katako, kututturan itatuwan da tafkin ya binne, tafiyar dare, da rashin rigar kariya. A nan telan ya fi ni gaskiya. Jirgin da muka yi shata mu kaɗai, wanda za mu iya cewa ba za mu tashi ba sai kowa ya sa riga, ya fi wanda za mu cusa kanmu tsakanin buhuna da babura. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma a cikinmu mu takwas babu wanda ya iya iyo, duk da cewa kogin Kaduna na bayan gidanmu.

Na uku nauyin baƙunci. Baƙo raɓa ne, amma raɓar mutum takwas ta kwana huɗu a gidan masunci ruwan sama ce. Mutumin ƙauye zai yanka kazar da ba ta kai yanka ba, ya ba ka ɗakinsa ya kwana a waje, ya ƙi karɓar kuɗinka don kunya, bayan ka tafi ya shiga bashi. Haka ma a Galafagos, masu kula da muhalli sun fi nuna damuwa a kan yawon tudu, domin jiragen kwana an ƙayyade yawansu, kuma babu wanda ke ɗaukar sama da fasinja 100, alhali ɗakunan haya a garuruwa sai ƙaruwa suke yi. A 2023 baƙi sama da 300,000 suka shiga tsibiran, kowannensu yana buƙatar ruwan sha da abinci da wurin zubar da shara, kayan da ake shigowa da su kuma suna ɗauko ƙwari da tsirrai baƙi masu cutar da na asali. Wato zama cikin mutane ma yana iya zama zalunci idan ba a yi shi da lissafi ba.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba, gyara shi na yi. Abin da nake kira gare shi yanzu shi ne mu kwana a Yelwa, a wurin da muka biya kuɗinsa, kada mu ɗora wa kowa nauyi. Mu fara da gaisuwa wurin masu gari, mu nemi ɗan gari ya yi mana jagora, domin da ɗan gari akan ci gari. Mu ɗauki shatar jirgi daga hannun mutanen wurin, da rana tsaka, kowa da rigarsa. Maimakon tsibiri goma daga nesa, mu zaɓi biyu, mu wuni a kowanne, mu koma na farkon a rana ta uku, domin zuwa na biyu shi ke mai da baƙo sananne. Mu saya, kada mu roƙa. Mu tambaya kafin mu ɗaga waya. Idan tafiyar ta dace da bikin Rigata, inda ake tseren kwale-kwale da wasannin ruwa, madalla, amma kada mu ɗauka ranar biki ita ce rayuwar mutane, kamar yadda hawan daba ba shi ne Zariya ba.

Akwai kuma waɗanda shawarar telan ta fi dacewa da su, ba na musu. Mai kwana ɗaya tak a hannunsa, ko mai tafiya da tsofaffi da ƙananan yara, ko wanda tsuntsaye da faɗuwar rana a kan ruwa kawai yake son gani, ya shiga jirgi ya zagaya, ba laifi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ya dawo ya ce ya san Yawuri.

Wannan ya kawo ni kan marubutanmu, domin ciwon iri ɗaya ne. Sau nawa muka karanta littafin da aka kai amarya da ango Dubai ko Landan ko wani tsibiri a tsakiyar teku, amma abin da za a nuna mana bai wuce gado da labule da kalar abinci ba? Babu direba, babu mai shara, babu wanda ya yi musu magana suka kasa ganewa. Marubucin ya zagaya garin ne cikin jirgi, shi ma jirgin na talabijin. Alhali Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama, kuma abin da ya sa ake karanta su shi ne sun sauka sun kalli mutane. Ga labarin garuruwan da ruwan Kainji ya cinye, ga na matar masuncin da ke jiran jirgin da bai dawo ba, ga na yaron da kakansa ke jin Reshe shi kuma Hausa kaɗai ya iya, duk suna nan a ƙasarmu, tafiyar wuni guda daga Kaduna, suna jiran mai alƙalamin da zai kwana huɗu.

Daren jiya aka sake zama. Telan ya yarda da kwana uku, ni na yarda da shatar jirgi, Baba kuma ya ce babu inda za shi sai ya ga rigar kariya takwas da idonsa a nan Unguwar Shanu kafin a tashi, don haka an cire kuɗinsu daga adashin. An wakilta mutum biyu su tuntuɓi wani ɗan Yawuri mai sayar da albasa a kasuwa, ya tambayo mana labarin hanya da lokacin da ya dace. Abin da ya faɗa shi za mu bi. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, idan kuma an dawo, mai karatu zai ji wanda ya yi gaskiya tsakanina da tela. Wassalam.